Yadda Muka Bi Sauro Har Cikin Ruwa

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Katsina ya san kududdufi. Ƙasar da kakanninmu suka yi tubali da ita, suka gina gidaje da soraye, daga irin waɗannan ramuka aka haƙo ta, ramukan kuma suka zama matattarar ruwan sama. An cike da yawansu an yi gini a kai, amma namu yana nan bayan unguwa, ta wajen Ƙofar Marusa. Yakan tumbatsa a watan Agusta, ba ya ƙafewa sai hunturu ya yi nisa. Shekara da shekaru, duk zazzaɓin da ya kwantar da yaro a unguwar, a kansa muke ɗora laifin. Shi ya sa da ƙungiyarmu ta taimakon kai da kai, wadda nake riƙe wa sakatare, ta zauna kan batun sauro kafin daminar bara, shawarar da ta fi rinjaye ita ce a haɗa kuɗi a sayi baƙin mai a malala a kududdufin, a huta.

Wani dattijo ne ya taka mana burki, tsohon duba-gari da ya yi ritaya, wanda duk muke kira Baba. Ya ce, "Ku yaran nan, ruwan da awakinku ke sha, 'yan bulo ke ɗiba, almajirai ke kamun tarwaɗa a ciki, shi za ku zuba wa baƙin mai? To kun ma tabbata a cikinsa sauron yake?" Aka yi shiru, don babu wanda ya taɓa dubawa. Shi ne ya fara ambata mana maganin kashe tsutsar sauro da ake haɗawa daga wata bakteriya, wato ƙaramar halittar da ido ba ya gani. Ni kuma da yake ilimin halittu nake koyarwa a sakandare, sai aka ɗora mini nauyin nemo bayaninsa.

Sunanta Bacillus thuringiensis israelensis, a taƙaice Bti. A cikin ƙasa take rayuwa. An san danginta tun 1901, lokacin da wani masani a Japan ya gano tana kashe tsutsar siliki, sannan a 1911 Ernst Berliner ya sake gano ta a yankin Turingiya na Jamus, inda ta samo sunanta. Amma wannan reshen da ke kashe tsutsar sauro sai a 1976 aka same shi, a wani ɗan tafki da ya kusa ƙafewa a hamadar Nagab ta Isra'ila, inda Yoel Margalit ya tarar da tsutsar sauro tana ta mutuwa. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma. Shirin yaƙi da makantar bakin kogi, wanda aka gudanar daga 1974 zuwa 2002, ya yi shekaru yana zuba ta a koguna don kashe tsutsar ƙudan da ke yaɗa cutar, bayan ƙudan ya daina jin maganin da aka fara fesa masa. A birnin Darussalam na Tanzaniya kuma, daga 2006 aka shiga bin unguwanni da ita mako-mako.

Yadda take kisa ne ya sa na tsaya mata a gaban ƙungiya. Ba guba ba ce da ke kashe duk abin da ta taɓa. Sai an ci take aiki. Bakteriyar kan samar da wasu ƙananan ƙwayoyin furotin masu tauri. Tsutsar sauro tana tace ruwa tana haɗiyar duk ɗan abin da ke yawo a ciki, sai ta haɗiye su. Ruwan cikinta irin na kanwa ne, shi ke narkar da ƙwayoyin, su manne a bangon hanjinta su huda shi, ta daina ci ta mutu. Cikin mutum da na akuya mai tsami ne, kuma hanjinmu ba shi da inda furotin ɗin zai kama. Kifi da kwaɗo ma ba ruwansu. Ban da tsutsar sauro da ta ƙudan kogi, sai 'yan wasu ƙananan ƙwari na danginsu kaɗai take taɓawa.

Samun maganin ya ba mu wahala, domin masu sayar da maganin feshi a kasuwa na ciyawa da na ƙwarin wake suka sani. Ta hannun wani ɗan unguwa da ke aikin tsaftar muhalli aka sayo mana daga wajen jihar. Baba ya ce kada a karɓa sai an ga takardar da ke jikinsa, da ranar da zai lalace, da lambar rajistar NAFDAC. Ya zo iri biyu: wanda ake narkarwa a ruwa a fesa da abin feshi na goyo, da mai kama da tsakin masara wanda ake watsawa da hannu inda ciyawa ta rufe ruwa. A ɗaki mai sanyi muka ajiye shi, domin zafi da hasken rana suna rage masa ƙarfi.

Kafin mu taɓa ruwan kowa muka je wajen mai unguwa. Da ma labari ya riga mu isa, wai za mu zuba ƙwayar cuta a ruwan jama'a. Ban ga laifin masu tsoron ba ko kaɗan. Duk wanda ya tuna yadda jita-jita ta tsayar da rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa a 2003 ya san irin wannan magana ba a raina ta. Na ce, "Ranka ya daɗe, mun fi so a gani da ido kafin a yarda." Ya ce, "Madalla, Malam. Ku kawo shi ƙofar masallaci, kowa ya gani, in akwai magana a yi ta a nan."

Ranar Juma'a bayan la'asar muka jera robobi uku. Ta farko tsutsar sauro ce a ruwa, ba a sa mata komai ba. Ta biyu tsutsa ce da ɗan digon magani. Ta uku talibambam ne da 'yan ƙananan kifaye, su ma da maganin. Baba ne ya hana a haɗa kifin da tsutsar a roba ɗaya, ya ce kifin zai cinye su a ce magani ne ya yi aiki. Kafin isha'i tsutsar roba ta biyu ta fara kasala, in an taɓa ruwan ba ta zabura ta nutse kamar 'yan'uwanta. Da aka sallame asuba jama'a suka kewaye robobin da fitilun waya. Na biyu duk sun miƙe, wasu a ƙasan roba wasu suna shawagi. Na farko suna ta wutsil-wutsil. Talibambam da kifi suna harkarsu. Wata tsohuwa da ke tuyar ƙosai a bakin layi ta leƙa ta daɗe, sannan ta ce mini, "Ɗan nan, in dai haka ne, ku fara da bayan ɗakina." Daga ranar ba mu ƙara jin maganar ƙwayar cuta ba.

Sai aikin gaske, wato neman inda tsutsar take. A nan ne tunanina game da sauron unguwarmu ya juye gaba ɗaya.

Ma'aikatan da ke binciken tsutsar sauro suna da wani ludayi fari mai dogon hannu da ke cin mililita 350. Mu farar moɗar roba muka ɗaure a bakin gora. Fari ake so don tsutsar ta fito fili. Ɗibar ma tana da ladabi. Ba ka bari inuwarka ta faɗa kan ruwan, ba ka taka ƙasa da ƙarfi, domin da sun ji motsi sai su nutse. Ka fuskanci rana, ka tsuguna, ka ɗan jira, sannan ka kwantar da bakin moɗar a saman ruwa kusa da gefe ka bari ruwan ya kwararo da kansa. Baba ya koya wa samarinmu bambance iri biyu, kuma cikin ɗan lokaci yara 'yan firamare ma sun iya. Tsutsar Anofilis, mai kawo zazzaɓin cizon sauro, kwance take a miƙe daidai da fuskar ruwa, don ba ta da bututun shaƙar iska. Ta Kuleks, sauron da ba ya kawo wannan zazzaɓi, tana rataye ne a karkace, kai ƙasa, ɗan bututunta a sama. Ƙwan Kuleks a dunƙule yake, baƙi, yana yawo a kan ruwa. Na Anofilis ɗai-ɗai ne, da ƙyar ido ke kama shi.

Muka fara da kududdufin da muke zargi. Tsakiyarsa ba mu sami komai ba. A gefe inda ciyawa ta yi kauri akwai 'yan kaɗan. Kifi da ƙwarin ruwa sun riga mu aiki a can, kuma da mun zuba baƙin mai, su za mu fara kashewa. Inda moɗa ta fito cike da Anofilis wurare ne da muke wucewa kullum ba mu ko kallo: ramukan da 'yan bulo ke tara ruwa, harsashin ginin da aka haƙa aka bari, sawun tayar tifa a hanyar da ba kwalta, sawun kofaton shanu a bakin kududdufin, da wani ɗan ruwa da ke kwance inda bututun famfo ya fashe. Ruwa ne garau, mara zurfi, rana na dukansa, babu kifi. Na tsuguna a kan wani sawun kofato da bai fi tafin hannuna ba, na ƙirga tsutsa har na gaji na bari. Lambatu da ramukan ruwan wanka da masai masu ruwa kuwa, baƙi ƙirin suke da tsutsa, amma kusan duka Kuleks ce.

Na zana taswirar unguwa a bayan kwali, kowane ruwa muka ba shi lamba, muka raba layuka tsakanin samari bibbiyu. Baba ya kafa mana ƙa'ida da ta rage mana kashe kuɗi sosai: duk ruwan da shebur zai iya kashewa, kada a ɓata masa magani. Saboda haka aikin gayya ya riga feshi. Aka cike sawun tayoyi da ɓaraguzan gini, aka yanka wa wasu ruwaye hanya suka tsiyaye, aka gyara bututun, aka kife tsofaffin tayoyi da gwangwanaye. Randuna da durom na cikin gida ba mu sa musu komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sa wani nau'in Bti a ruwan sha, amma mun ga rufe randa da wanke ta duk mako ya wadatar, kuma babu dalilin tsokano shakku a kan abin da murfi zai magance. Mata ne suka riƙe wannan ɓangare, domin samari ba sa shiga gidajen aure.

Feshin kansa ba wani abin wahala ba ne. Abin feshin dole ya zama sabo, ko wanda bai taɓa ɗaukar maganin ciyawa ko na ƙwari ba. Awon ɗan kaɗan ne ƙwarai, 'yan ɗaruruwan giram ke isar hekta guda ta ruwa, saboda haka na auna faɗin wuraren da taku, na lissafa bisa abin da takardar ta ce, muka ƙulla awon kowace goyo a leda don kada wani ya ƙara da ka. Ana damawa a bokiti, a tace, a zuba, kuma abin da aka dama ranar ake ƙarar da shi. Mai feshi yana tafiya a hankali yana kaɗa hannu dama da hagu don ya rufe fuskar ruwan duka. Wannan ya fi muhimmanci ga Anofilis, da yake a saman ruwa take kiwo. In maganin ya nutse cikin laka ya wuce ta. Da sassafe muke fita, kafin rana ta yi zafi.

Washegari muka koma da moɗa. A ramukan 'yan bulo tsutsa ta mutu kusan duka. Amma ɗaya daga cikin samarin ya kira ni hankali tashe, ya ce, "Malam, zo ka ga, waɗannan ba su mutu ba." Wasu 'yan dunƙulallu ne masu siffar waƙafi suna wulƙitawa. Tsutsar sauro takan saɓa sau huɗu, sannan ta koma wannan siffa, wadda ba ta cin komai, jira kawai take ta fashe sauro ya tashi. Abin da ba ya ci, Bti ba ta da hanyar kama shi. Daga nan wannan siffa ta zama ma'auninmu: duk ramin da aka same ta, an makara a kansa, ko dai an tsallake shi a makon da ya wuce ko feshin bai game ba. A zafin Katsina, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi mako ɗaya zuwa kwana goma ba, maganin kuma cikin 'yan kwanaki rana ke cinye ƙarfinsa. Ma'ana duk mako sai an koma, babu fashi.

Wannan komawar ita ce gwajin ƙungiya. Makonnin farko samari har rige-rigen ɗaukar goyo suke. Da noma ya kankama, wasu suka tafi gona, wasu jarrabawa ta riƙe su. Sai da muka ware ɗan abin shan ruwa daga asusu, muka kuma maida karanta rahoton moɗa wani ɓangare na zaman ƙungiya, kowane layi a faɗi lambobin ramukan da aka sami tsutsa, sannan aikin ya tsaya da ƙafarsa. Babu mai son a ji layinsa ne ya saki.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne, "Kun ce kuna kashe sauro, ga shi jiya bai bar mu mun runtsa ba." Gaskiya suka faɗa. Sauron da ke kuka a kunne ya hana barci galibi Kuleks ne na lambatu, kuma a ruwa mai dauɗa Bti ba ta daɗewa, domin ƙazantar kan riƙe ta, ga abinci ya yi wa tsutsar yawa. Irin wannan ruwa akwai wata bakteriya da ta fi dacewa da shi, Bacillus sphaericus, wadda ke jure dauɗa ta kuma daɗe tana aiki. Abin sha'awa, nau'inta mai lamba 2362, wanda kamfanoni ke haɗa magani da shi, a Najeriya aka samo shi, daga jikin ƙudan kogi. Aibinta shi ne Kuleks ya koyi jure mata a ƙasashe irin su Indiya da Barazil inda aka dogara da ita kaɗai, abin da bai zama matsala ga Bti ba duk da shekarun da aka yi ana amfani da ita, saboda ita furotin iri-iri take haɗawa ta kai hari. Kuɗinmu bai kai ga sayen ta biyun ba. Abin da muka yi shi ne yashe lambatu duk Asabar don ruwa ya gudana, da ƙara awon Bti a ramukan ruwan wanka gwargwadon abin da takardar ta yarda. A ganina duk wanda zai yi wannan aiki kada ya raina Kuleks don ba ya kawo maleriya. Jama'a da cizo suke auna aikinka, in cizo bai ragu ba za su daina buɗe maka ƙofa.

Watan Agusta ya nuna mana iyakar maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashe tsutsa yana amfani ne inda wuraren hayayyafar ba su da yawa, ba sa gusawa, kuma ana iya gano su. Ta kuma ɗauke shi a matsayin ƙari a kan gidan sauro da feshin ɗaki, ba madadinsu ba. A lokacin marka unguwarmu ta fita daga wannan sharaɗi. Ka fesa da safe, ruwa ya sauko da yamma ya wanke. Ka cike rami yau, gobe uku sun buɗe a wani layin. Taswirar kwalina ta cika da gyare-gyare har ba ta karantuwa. Ga shi sauro bai san iyakar unguwa ba, yana iya tasowa daga nisan kilomita ɗaya ko fiye, maƙwabtanmu kuwa ba sa yin komai. A makonnin nan muka taƙaita ga manyan wuraren da muka tabbata suna nan daram, sauran ƙarfin muka maida shi kan bin gidaje: a rataya gidan sauro kowane dare, a karɓi maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya ke rabawa yara 'yan wata 3 zuwa 59 duk wata a damina, a kammala na kwana uku, kuma yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jini a ranar. Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma mafi yawan waɗanda take kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ba zan yarda wani uba ya naɗe gidan sauron ɗansa don ya ga muna feshi ba, kuma haka na faɗa a masallaci.

Da ruwa ya ɗauke a watan Oktoba, aikin ya dawo hannunmu. Ƙananan ruwaye suka bushe, wuraren suka koma 'yan ƙalilan, moɗa ta riƙa fitowa fayau mako bayan mako. Ba zan ce mun rage zazzaɓi da kashi kaza ba, domin unguwa ɗaya da damina ɗaya ba sa ba da irin wannan hukunci. Abin da na shaida shi ne ramukan da muka riƙe sun daina fitar da sauro, kuma 'yan bulo, waɗanda da farko suke mana kallon masu neman hana su sana'a, yanzu su ke aiko yaro ya tuna mana in mun makara.

A zaman ƙarshen shekara Baba ya kawo batun da ya sauya mana tsari. Akwai wani sauron maleriya ɗan asalin Asiya, Anopheles stephensi, da aka fara gani a Jibuti a 2012, aka kuma same shi a jihar Gombe a 2020. Shi ba ya jiran damina, a tankuna da rijiyoyi da ruwan da ake tarawa a wuraren gini yake hayayyafa. Gari irin namu, inda kowa ke ajiye ruwa saboda ƙarancin famfo, dole ya sa ido a kansa. Saboda haka muka yanke cewa ba za a jingine moɗa da rani ba. Bana tun watan Maris muke bin tankunan 'yan bulo, da ramukan ban-ruwa na masu lambu, da wuraren da 'yan ga-ruwa ke cika jarkoki, lokacin da ruwan bai da yawa kuma ɗan magani ke isa. Mai unguwa ya yi magana da takwarorinsa biyu da muke iyaka da su, kuma samarinsu sun fara zuwa ranar Asabar suna koyon riƙe moɗa a wajen namu.